Zauren Gwaggo: "Ƙafar da Aka Yanke Tana Yi Mini Ƙaiƙayi"

Assalamu alaikum, 'ya'yana. Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda, wato rayuwa da nakasa, kamar an haɗa baki, sai na ware biyar daga ciki. Ga sababbin masu karatu da ba su san ni ba, ni malamar firamare ce da ta ajiye alli. Shan inna ya shanye mini ƙafar hagu tun ban cika shekara uku ba, kuma har gobe da takalmin ƙarfe da sanda nake tafiya. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce Gwaggo tana zaune a inuwa tana ba na cikin rana haƙuri. Kamar kullum na cire sunaye, na kuma rage tsawon wasu wasiƙun.

TAMBAYA: Gwaggo, barka da war haka. Shekarata 22, acaɓa nake yi a Funtuwa. Da daminar bara mota ta buge ni, ƙafata ta dama ta karye. Aka kai ni wurin mai ɗori ya ɗaure ta da karare tamau, bayan kwana shida ta yi baƙi tana wari. Da aka je asibiti likita ya ce sai yankewa, aka yanke daga ƙasan gwiwa. Yau wata takwas ban leƙa ƙofar gida ba. Duk wanda ya shigo sai ya ce in yi haƙuri, har na tsani jin kalmar. Kawuna ya ce in bi wani mutumin garinmu Legas, wai masu irin lalurata suna samu a bakin titi. Ga kuma abin da ban gaya wa kowa ba: da dare ƙafar da aka yanke tana yi mini ƙaiƙayi, wani lokaci babban yatsan ya yi ta zugi, in kai hannu in ji wayam. Aljanu ne, ko na fara taɓuwa? Wataran ji nake da ma motar ta ƙarasa ni.

AMSA: Ɗana, sannu. Ni ba zan ce ka yi haƙuri ba, wanda aka ba ka ya isa a buɗe shago da shi.

Bari in fara cire maka tsoro. Ba aljanu ba ne, kuma hankalinka ras yake. Mafi yawan waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa suna jin abin da kake ji. Likita ya yanke nama da ƙashi, amma jijiyoyin da ke kai saƙo suna nan a dungun, kuma ƙwaƙwalwa ba ta soke sunan ƙafar daga rajistarta ba. Shekara 21 tana jin motsin wannan yatsan, ba za ta manta da shi a wata takwas ba. Ka gaya wa likitanka ba tare da kunya ba, akwai magungunan ciwon jijiya da ake bayarwa don haka. Masu gashin ƙashi a asibiti ma suna da wata dabara da madubi: ka zauna, ka kafa madubin tsakanin ƙafafunka, ka riƙa motsa mai lafiyar kana kallon inuwarta kamar ita ce ɗayar. Abin kamar wasan yara, amma yana rage wa wasu mutane zugin.

Maganarka ta ƙarshe kuwa ba zan tsallake ta ba. Wanda ya yi wata takwas a ɗaki yana fatan mutuwa, ciwon damuwa ya kama shi, kuma ciwo ne kamar hawan jini, ana ganin likita a kansa, ana samun sauƙi. Yau, ba gobe ba, ka kira mutum ɗaya da ka yarda da shi, mahaifiyarka ko amininka, ka gaya masa wannan maganar yadda ka rubuto mini ita. Ku je asibiti tare. Idan tunanin ya taso maka da ƙarfi cikin dare, ka tashi wani, kada ka kwana da shi kai kaɗai.

To, ga abin da mai yiwuwa ba a gaya maka ba. An bar maka gwiwa, kuma gwiwa dukiya ce. Mai gwiwarsa yana koyon tafiya da ƙafar roba cikin sauƙi nesa ba kusa ba a kan wanda aka yanke wa daga cinya. Amma zaman nan da kake yi yana iya cinye maka ita. Idan kana wuni da gwiwar a lanƙwashe, ko kana tura matashi ƙarƙashinta in za ka kwanta, sannu a hankali sai ta ƙage ta ƙi miƙewa, ƙafar roba kuma ba ta zama a ƙagaggiyar gwiwa. Ka riƙa miƙe ta sosai sau da yawa a rana, ka wanke dungun ka busar da shi, ka duba ko akwai gyambo, ka sa a koya maka naɗe shi da bandeji mai talewa don ya tsuke. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano yana da sashen da ake auna mutum a yi masa ƙafa, daga Funtuwa kuwa tafiyar safe ce. Da kuɗi, ban ce kyauta ba ce. Amma dangin da suka iya haɗa maka kuɗin motar Legas za su iya fara adashin ƙafa.

Zancen kawunka. Ba na zagin mabaraci, na san wasu da yawa, mun sha zama tare a ƙungiya, kuma tun kafin zuwan Turawa garuruwanmu suna da sarkin makafi da sarkin guragu masu kula da jama'arsu. Sai dai na lura da abu ɗaya: shiga bara ƙofarta faɗi ne da ita, ta fita kuwa kamar kafar allura. Mutumin da zai kai ka ɗin ma ba don Allah zai kai ka ba, kasonsa yake hange. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta haramta a yi amfani da mai nakasa wajen neman sadaka, hukuncin kuwa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Ka ga abin da kawu yake kira taimako, doka laifi take ce masa.

Kai ɗan acaɓa ne. Ka san kukan inji in fulogi ya mutu, ka san ɗaure sarƙa, ka san canza birki. Ka taɓa ganin bakaniken babur yana aiki a tsaye? A kan benci ko buhu suke wuni. A Kano akwai ƙungiyar waɗanda shan inna ya taɓa, suna da wurin walda inda suke ƙera kekunan guragu masu tuƙin hannu, da hannunsu suke lanƙwasa ƙarfe suna ciyar da iyali. Misbahu Lawan Didi, shi ma shan inna ne ya kama shi, ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988, wadda ake bugawa da hannu ana zaune a kan katako mai taya, yau ga ta ana gasarta tsakanin jihohi. A wasannin Olamfik na Landan a 2012, 'yan wasan Najeriya masu ƙafa bibbiyu sun dawo ko lambar tagulla babu. Bayan 'yan makonni masu nakasa suka je wannan birnin suka kwaso lambobi 13, shida na zinare. Ban ce ka zama ɗan wasa ba. Cewa nake jikin da kake wa kallon ya ƙare, wasu da irinsa suka ɗaga tutar ƙasa.

In ba ka labarin kaina kaɗan. Kafin a yi mini takalmin ƙarfe rarrafe nake yi, da silifa a tafin hannu. Ranar da babana, wanda tela ne, ya ɗora ni a keke ya kai ni makaranta, hedimasta ya dube ni ya dube shi ya ce, "Malam, me gurguwa za ta yi da boko? Ajin ma da matakala." Babana bai ce uffan ba. Washegari da asuba ya kwaɓa ƙasa, ya kai ta a baro, ya yi gangara a bakin ajin da hannunsa. Duk damina ruwa ya cinye, duk kaka ya sake. Abin da bai iya gyarawa ba shi ne bayan gida. Ramin makarantar ba wurin da mai rarrafe zai shiga ba ne, don haka shekara shida ba na shan ruwa da safe sai na dawo gida. Na yi kuka ba adadi. Amma tun a lokacin na fahimci cewa lalurata kashi biyu ce: akwai ƙafar, wannan daga Allah ne, na karɓa, akwai matakala da ramin da bakin hedimasta, waɗannan aikin mutane ne, kuma ba a ce in yi haƙuri da su ba.

Haƙurin da ake ta jefo maka, na "zauna a ɗaki kada ka dame mu" ne. Na sahabbai ba haka yake ba. Amru ɗan Jamuhu gurgu ne, ɗingishinsa mai tsanani, Alƙur'ani ya ɗauke wa irinsa fita yaƙi, 'ya'yansa suka ce ya zauna. Ya kai ƙararsu wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cewa so yake ya taka Aljanna da wannan ɗingishin nasa. Aka bar shi ya fita, ya yi shahada a Uhudu.

Aikin da na ba ka na wannan mako ƙarami ne. Ranar Juma'a ka ɗauki sandunanka ka je masallaci. Za a kalle ka, wasu har su yi salati. Kallo na farko ne mai zafi, zuwa Juma'a ta uku sun koma zancen tsadar taki. Ka rubuto mini yadda aka yi.

TAMBAYA: Gwaggo, ni ɗalibar aji biyar ce a sakandare a Gusau. Ƙanena ɗan shekara tara ya yi sanƙarau shekara biyu da suka wuce, ya warke amma ba ya ji. An cire shi daga makaranta. Yaran unguwa suna binsa suna "bebe, bebe", suna kwaikwayon muryarsa, shi kuma ya ɗebi duwatsu. Yanzu Umma ba ta barinsa fita, maganarsa ma tana raguwa. An ɗiga masa magunguna iri-iri a kunne ba canji. Ina sonsa amma ban san yadda zan yi hira da shi ba.

AMSA: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. A gidan kaf ke ce kika yi tambayar da ta dace, yadda za ki yi hira da shi.

Da farko a daina ɗige-ɗigen nan. Sanƙarau can cikin kunne yake yi wa ɓarna, inda sauti ke shiga jijiya, wurin da man zaitun ko ruwan ganye ba ya kaiwa. Garin neman gira kada a rasa ido. A kai shi a auna jinsa a sashen kunne na babban asibiti, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Idan akwai sauran ji, na'urar da ake maƙalawa a kunne za ta iya taimaka masa. Awon ne zai nuna.

Na biyu, ƙanenki kurma ne, ba bebe ba. Ya shekara bakwai yana magana, Hausa tana cikin kansa. Muryar tana dusashewa ne saboda ba ya jin kansa, kuma duk sanda ya buɗe baki dariya ake yi. Ki zama ke ce wurin da zai yi magana ba a yi dariya ba. Ki tsaya gabansa inda haske ke dukan fuskarki, ki taɓa kafaɗarsa kafin ki fara, ki yi magana yadda kika saba. Ihu ba ya ƙara komai sai murguɗe baki, ya kasa karanta leɓenki. Ki sayi littafi ɗan ƙarami da fensir ya zama na hirarku, ki ci gaba da koya masa karatu daga inda aka tsaya.

Sannan ki koyi maganar hannu, ku koya tare. Kuramen ƙasar Hausa suna da tasu tun tale-tale, cikakken harshe ne, da shi suke ciniki da gardama da barkwanci da neman aure. Ki tambaya inda kuramen garinku suke zama da yamma, ki sa yayanku ko Abba ya raka ku. Wadda ake koyarwa a makarantu ta ɗan bambanta, tushenta daga Amurka ne, kuma labarin zuwanta zai yi wa ƙanenki daɗi. Wani baƙar fatan Amurka ne, Andrew Foster, ɗan mishan, ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, ya buɗe a Ibadan a 1960, kafin rasuwarsa a 1987 ya kafa kimanin 30 a ƙasashen Afirka. Kin san abin da ya kurmantar da shi yana ɗan shekara 11? Sanƙarau.

Makaranta kuwa dole ce. Jihohin Arewa da dama suna da makarantun kurame da makafi, irin ta Tudun Maliki a Kano. A je ma'aikatar ilimi ta jiharku a tambayi ta kusa. Dokar nan ta 2019 ta ba mai nakasa ilimi kyauta har ƙarshen sakandare. Ki karanta wa Umma wannan amsar, ki ce Gwaggo tana gaishe ta, ta san kulle shi da take yi so ne. Amma yaron da ke jifa da dutse cewa yake yi "ku saurare ni", hanyar faɗar ce aka toshe masa. Yaran unguwa kuma a sami iyayensu ɗaya bayan ɗaya, cikin mutunci. In ya so ki koya wa biyu daga cikinsu alamar "zo mu yi ƙwallo". Yara suna son abin da ya yi kama da sirri, za ki sha mamaki.

TAMBAYA: Gwaggo, a ajinmu na jami'a akwai makaho. Rannan na gan shi zai tsallaka titi, na ruga na kama sandarsa na ja shi. Maimakon godiya sai ya ce in sakar masa sanda cikin fushi. Wani lokaci kuma na sa masa ɗari biyar a aljihu ya dawo mini da ita a gaban mutane. Wannan ba girman kai ba ne?

AMSA: Ɗana, niyyarka kyakkyawa ce, aikinka ne ya kwafsa. Sandar nan idonsa ce. Da ita yake jin bakin kwalta da rami da kwata. Ka yi tunanin kana tsakiyar titi wani da ba ka sani ba ya zo ta baya ya rufe maka ido da tafin hannu ya ce "taho". Godiya za ka yi?

Ga yadda ake yi. Ka yi sallama, ka faɗi sunanka, ka ce, "In raka ka ne?" In ya ce a'a, shi ke nan, ya san hanyarsa. In ya ce e, ka miƙa masa gwiwar hannunka shi ya riƙe ka, ka riƙa gabansa da rabin taki, kana faɗa masa "ga matakala, hawa za mu yi", "ga kwata". In za ka bar wurin ka ce ka tafi, kada ka bar shi yana hira da iska. Ni ma na sha wannan. An taɓa sungumata da sandata da jakata aka jefa a mota ba tare da an tambaye ni ba, alhali jiran mutum nake yi, ba tafiya zan yi ba.

Ɗari biyar ɗin kuwa, ka tambayi kanka ko ka taɓa cusa wa wani ɗan ajin kuɗi a aljihu ba gaira ba dalili. Abin da ka gaya masa da wannan takardar shi ne "kai almajiri ne". Mutumin da ya ci jarrabawar JAMB kamar yadda ka ci, yake karatu da rubutun makafi na ɗigo shida wanda Louis Braille ya tsara a Faransa yana ɗan shekara 15, yake sarrafa wayarsa da manhajar TalkBack tana karanta masa saƙo! A Jami'ar Bayero an yi makaho farfesa, Jibrin Isa Diso. A Zariya an yi Aliyu Namangi, makaho, wanda Waƙar Imfirajinsa har yau ake nazarinta a jami'o'i. Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda aka saukar da farkon Suratu Abasa a kansa, ladanin Annabi ne, kuma an sha barin Madina a hannunsa in an fita yaƙi.

In taimako kake so ka yi, tambaye shi abin da ke ba shi wahala. Ina kyautata zaton zai ce malamin da ke rubutu a allo yana cewa "wannan a haɗa da wancan", da takardun darasi da ake rabawa a hoto waɗanda waya ba ta iya karantawa. Ka buga masa su, ko ka karanta a murya ka tura masa. Kuma ka je ka ba shi haƙuri tukuna. Wataƙila shi zai fitar da kai a jarrabawa.

TAMBAYA: Gwaggo, ina yin barkwanci a TikTok. Na yi wani bidiyo ina kwaikwayon wani abokinmu mai in'ina, dubban mutane suka kalla, mabiyana suka ƙaru. Tun daga ranar ya daina zuwa majalisa. Abokai sun ce wasa ne, shi ne ba ya ɗaukar wasa. Zuciyata ba ta kwanta ba.

AMSA: Zuciyarka ta fi abokanka hankali, ita za ka bi.

Wasa shi ne wanda aka tashi kowa yana dariya. Namu na gargajiya ma da ƙa'idarsa: taubashi yana tsokanar taubashi, jika yana tsokanar kaka, Bafulatani da Babarbare suna yi wa juna, kuma kowanne yana da bakin ramawa. Shi abokin naka da me zai rama, da bakin da ka mayar abin dariya? Ka san irin shirin da mai in'ina yake yi kafin ya ce "a ba ni shayi" a gaban mutane? Na koyar da irinsu. Akwai yaron da ya fi kowa lissafi a ajina, ya gwammace a yi masa bulala a kan ya tashi ya faɗi amsar da ya sani. Kai kuma ka ɗauki wannan ka sayar, an biya ka da mabiya.

Ka buɗe Suratul Hujurati, aya ta 11, ka karanta fassararta: an hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, an hana jifan juna da miyagun laƙabobi. Ka kuma tuna Annabi Musa, wanda Allah ya yi magana da shi, ya roƙi a warware masa ƙulli daga harshensa don a fahimci maganarsa.

Ka goge bidiyon yau, ko da yake wasu sun riga sun sauke, wannan kuma nauyinsa yana wuyanka. Ka je gidansu da ƙafarka, kai kaɗai, ba da waya a hannu ba. Kada in ji ka mayar da ban-haƙurin wani sabon bidiyo. In ya fara magana ka yi shiru, kada ka ƙarasa masa kalma, kada ka kawar da kai, ka jira har ya gama ko zai kai minti goma. Yana iya ƙin yafewa a ranar, haƙƙinsa ne. In kana da baiwar ban dariya da gaske, ga 'yan siyasa, ga masu wutar lantarki, ga kanka.

TAMBAYA: Gwaggo, wanda nake so malamin Islamiyya ne kuma yana da shagon ɗinki, amma shan inna ya taɓa ƙafafunsa, a keke yake tafiya. Baba ya yarda, Inna da gwaggonnina sun ce zan haifi guragu, kuma za a yi mana dariya ranar biki.

AMSA: 'Yata, shan inna ba a gadonsa. Ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, ta ruwa ko abincin da ƙazanta ta taɓa, ta lalata jijiyar da ke motsa gaɓa, yawanci a yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Sunan ne ya ruɗe mu, don kakanninmu sun ɗauka wata aljana ce, Inna, ke shanye ƙafar yaro. Kakata har ta rasu a kan haka take. 'Ya'yana huɗu, jikoki bakwai, duk da ƙafafunsu suke tsere mini in na ɗauko bulala. Abin da ke kare yaro ɗigon rigakafi ne, kuma saboda shi ne aka tabbatar a ranar 25 ga Agustan 2020 cewa asalin ƙwayar ta ƙare a Najeriya da Afirka baki ɗaya. Har yanzu ana ɗigawa, kuma in kin haihu ki miƙa naki, ko ubansu mai tsere ne.

Abin da ya kamata su Inna su bincika shi ne wanda ake bincika a kan kowane manemi: addininsa, halinsa, sana'arsa, yadda yake riƙe mahaifiyarsa. Sannan ku je gwajin jini ku biyun, don sikila ita ce ake gado, kuma masu ƙafa lafiyayyu ne suka fi raba ta. Ke ma ki zauna da shi ku yi maganar gaskiya: wane irin gida za ku kama, ƙofar banɗakin tana cin keke, wa zai ɗauko ruwa. Kada ki aure shi don tausayi. Mijin da aka aura don tausayi yana ganewa, kuma ba ya yafewa.

Kada ki yi faɗa da Inna. Ki nemi wata babba da take jin maganarta, a kawo shi ya gaishe ta, ya zauna su yi hira. Dariyar biki kuwa, a nawa ma an yi. Wata daga dangin miji ta ce a gaban jama'a wai an kawo musu amaryar da sai an goya. Bayan shekara biyu ni na zauna da ita a asibiti kwana tara, da sandata a jingine a jikin gadonta.

Mai wasiƙa daga Damagaram da ta haifi zabiya kishiyoyi suna surutu, shafi ya cika, taki sai fitowa ta gaba kuma zan ba ta wuri mai yawa. Kafin nan ki nema wa yaron hula mai faɗin baki da riga mai dogon hannu, kada a shanya shi a rana wai don ya yi duhu.